Batirin Motar Yaya Nazifi

Wata bakwai tana kwance ƙarƙashin tamfol.
Ja ce, mai ƙofa biyu, cikinta dab da ƙasa,
wadda in ta yi gurnani a titin Zariya
'yan adaidaita kan raɓe su ba ta hanya.
Ran Asabar na murɗa makulli.
Ƙas. Ƙas.
Fitilun allo suka ƙifta ido irin na mai zazzaɓi,
suka lumshe.

Ƙofar Ruwa, layin 'yan batir, rana tsaka.
Kowa nasa ne gangariya.
Wani yaro ya riƙo hannun rigata:
"Na Beljiyam, yallaɓai, rabin kuɗi."
Na ɗaga shi, sakayau,
kamar alkawarin maci bashi.

Baba Sadi bai ko tashi daga benci ba.
Ya karɓi wayata, ya nisanta hoton da idonsa.
"Wannan a but take goyon nata, ko?
To, ba a sa mata mai ruwa, ya yi maka huci a ɗaki.
Busasshe za ka nema, rufaffe, amfiya casa'in da biyar.
Auna tsawonsa, duba gefen da ja yake,
karanta ranar haihuwarsa a jikin murfi,
don batir na tsufa a kan kanta ko ba a taɓa shi ba.
Injin da ya saba da malmala uku
ba a tashinsa da farau-farau."

Ya faɗi kuɗi. Na yi shiru. Shi ma ya yi shiru.
Shirun ne ya yi mana ciniki,
ya rage dubu biyar.

Bayan la'asar, a Gyaɗi-Gyaɗi, na buɗe but.
Sifana lamba goma na nan inda ya bar ta,
naɗe cikin tsohuwar singileti
mai warin baƙin mai da ɗan turarensa.
Baƙi ake fara cirewa, sannan ja.
In an zo mayarwa, ja ne gaba, baƙi ya rufe ƙofa.
Kan wayar ya yi fari fat, kamar an barbaɗa kanwa.
Na kankare, na goge, na shafa giris.

Akwai maganar da tsohon ya jefo min ina tafiya,
na yi kamar hayaniyar kasuwa ta haɗiye ta:
"In ka zare tsohon, za ta manta fa.
Agogo, rediyo, duk abin da aka koya mata."

Sai ga ni riƙe da sifana a kan noti
har ladan ya fara hura lasifika.
Ɗan ɗigon wutar da ya rage a tsohon batirin
bai isa ya juya inji ba,
amma shi ke riƙe da tashar da Yaya ya ji
a fitarsa ta ƙarshe.

Na murɗa. Na zare.

Sabon ya fi ƙarfin hannu ɗaya.
Na rungumo shi a ƙirji, na zaunar a gurbinsa,
na danne da ƙarfe kada ya yi rawa a kwana.
Ja.
Sannan baƙi.
Ɗan tartsatsi ya yi sallama.

Makulli.
Ta yi tari ɗaya, ta buɗe maƙogwaro.
Tattabarun maƙwabci suka watse daga kan kwano.
Inna ta fito da ludayi a hannu, ba mayafi,
bakinta ya fara wani suna da ba nawa ba,
ta haɗiye sauran.

Agogo na ƙifta sifili huɗu.
Rediyo, sai shuuu.
Amma kujera tana can baya,
inda dogayen ƙafafunsa suka tura ta.
Na miƙe ƙafa, totur ya yi min nisa.
Ban jawo ta gaba ba.
Na bar injin yana ci,
har aka tayar da salla.